Tsofaffin Bencin Baya

Ranar da Galih ya fara ganin Nawang, tsaye yake a bakin aji yana neman inda zai sa fuskarsa. Shekararsa ta shida ke nan a jami'a. Ya gama duk darussan injiniyan gine-gine, har an sa wa kundin bincikensa hannu. Sai da ya je duba sunansa cikin masu fita aka ce da sauransa: kwas ɗin harshen ƙasa, ɗaya daga cikin darussan bai-ɗaya da ake yi tun shekarar farko, tare da addini da tarbiyyar ɗan ƙasa. Ya faɗi shi lokacin da yake jinyar mahaifinsa, ya kuma manta. Ko likitanci kake karantawa ko noma, ba ka fita sai ka ci shi.

Ajin cike yake da sababbin ɗalibai. Wani ya miƙe ya rusuna masa, ya zaci malami ne, aka kwashe da dariya.

Can bencin baya wata budurwa mai hijabi ruwan toka ta janye jakarta.

"Zo nan, Mas," ta ce, wato yaya a yarensu. "Nan ne layin tsofaffi."

Ya zauna. Ƙanshin soyayyen tempe, wainar waken soya, na tashi daga hannun rigarta.

"Ke ma?"

"Ni ma. Haɗa magunguna nake karantawa, shekara ta huɗu. Jarrabawa na ci, zuwa aji ne ya kayar da ni. Wanda ya sa kwas ƙarfe bakwai na safe bai taɓa raka uwarsa kasuwa ba."

Ta yi murmushi. Galih bai ji komai cikin lakcar ranar ba.

Mahaifiyarta, Bu Sumi, wato Inna Sumi, tempe take soyawa a kasuwa, Nawang ce ke kai mata kaya a babur bayan sallar asuba, sannan ta taho aji a guje. Galih ya koma tsare mata wuri. Ita kuma tana zuwa masa da tempe mai zafi a ganyen ayaba, suna ci a ƙarƙashin benci.

Kafin tsakiyar zango saƙonni sun fara.

"Tsohona, ka yi aikin gida? Kar jikokinka su fi ka maki."

"Na yi, Dik, ƙanwata. Amma duk jimlar da na fara sai ta ƙare da sunanki. Anya malama za ta karɓa?"

"Za ta ce ba ka san aya ba. Ni dai na karɓa."

Ranar da ya je gaida iyayenta, mahaifinta Pak Warsito, wato Baba Warsito, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya bar shayinsa ya huce yana kallonsa.

"Shekara shida, kuma har yanzu ajin farko? Yaro, jirgin da ya yi irin wannan latti, mu a tasha cire shi muke daga layi."

Galih ya buɗe baki zai yi bayani, dattijon ya ɗaga hannu. "Ka zo da takardar digiri, sai mu yi magana. Idan wani bai riga ka ba."

Wanin kuwa akwai shi. Danang, ɗan abokin Pak Warsito, ma'aikaci a ofishin gunduma, mai kaki a goge da mota. Ba shi da wani aibu, abin da ya fi damun Galih ke nan.

Ana saura kaɗan a yi jarrabawa zazzaɓi ya kwantar da Bu Sumi a asibiti. Nawang ta tare a can. Galih ya san fashin ajin da aka yarje mata ya ƙare, in ta ƙara ta sake faɗuwa. Da takardar halarta ta iso bencin baya, ya sa hannunsa, sannan ya sa nata.

Malamar, Bu Endang, ta karɓi takardar ta dubi bencin.

"Nawang ta zo ke nan? To ta miƙe mu gan ta."

Ba wadda ta miƙe. Hukuncin a rubuce yake: wanda ya sa hannun da wadda aka sa wa, duk sun faɗi.

Galih ya bi ofis-ofis. Ya rantse Nawang ba ta sani ba, ya roƙa a hukunta shi shi kaɗai. Bu Endang ta ce ba ita ba ce, doka ce. Shugaban sashe ya ce kwas ɗin ba na sashensa ba ne. Ofishin darussan bai-ɗaya suka ce sai baɗi, kuma baɗin ce shekararsa ta ƙarshe, in ya sake faɗuwa jami'a za ta sallame shi. Ya zauna a matakala riƙe da kai, babu sauran ƙofar da zai buga.

Saƙonta ya shigo: "Wa ya roƙe ka, Mas? Wa ya roƙe ka?"

Ya tafi asibiti ba ta haƙuri. A bakin ƙofa ya hango an sallami Bu Sumi, Danang ya buɗe mota, Nawang ta shiga gaba, mahaifinta na dafa kafaɗar Danang. Galih ya juya baburinsa, ya kashe waya, ya tafi ƙauyensu.

Sai bayan mako biyu ya kunna ta. Saƙonta ɗaya ya yi ta maimaita karantawa:

"Tsohona, fushin da na yi ba don kaina ba ne, don kai ne, ka jefa shekara shida a rijiya saboda ni. Motar Danang Baba ne ya kira ta, jikin Mama bai yi ƙarfin hawa babur ba. Iyayensa sun zo tambaya, na yi kuka har Baba ya ce a dakata. Ba ni da ƙarfin da ya wuce kukan. In ka gudu, da me zan tsaya?"

Washegari ya dawo.

Ba abin da za su iya sai jira. Ya shiga haya da baburinsa, ita ta ci gaba da sauran darussanta. Da sabon zango ya kama suka sake ɗaukar kwas ɗin, kowace asuba sai ga Galih a ƙofar gidansu. Shi zai ɗaure kwandunan Bu Sumi ya kai ta kasuwa, don Nawang ta isa aji da wuri, shi kuma ya shigo a guje yana haki. Pak Warsito na zaune a baranda, ko gaisuwarsa ba ya amsawa. Haka aka yi watanni.

Wata safiya Bu Sumi ta ce wa mijinta, da ƙarfi yadda Galih zai ji, "Pak, ni dai sau ɗaya na shiga waccan motar. Wannan kuwa kullum bayansa nake riƙewa."

Dattijon ya ci gaba da kurɓar shayinsa. Amma ranar da aka tashi da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ya shiga ɗaki ya fito da tsohuwar rigar ruwansa ta aiki, ya miƙa wa Galih yana kallon gefe.

"Sa. In ka yi mura ka yi fashi, wa zai sa maka hannu?"

Sakamako ya fito, dukansu sun ci, ba da wani maki na a zo a gani ba. Nawang ta zauna a ƙasa tana kuka da dariya a haɗe.

Bayan bikin yaye su da wata ɗaya aka ɗaura aure a masallacin unguwa. Pak Warsito ya kama hannun Galih ya ba shi auren 'yarsa. Galih ya karɓa, shaidu suka ce ya tabbata. Da ango da amarya suka durƙusa gaban iyaye neman albarka, dattijon ya ɗora tafukansa a kawunansu ya daɗe bai ɗauke ba.

"Na ba ka wahala, ɗana," ya ce a hankali. "Ka riƙe min ita."

Allah Ya sanya albarka a auren Galih da Nawang, Ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, Ya sauƙaƙa wa duk wanda ke jiran nasa lokacin. Amin.