Rediyo da Katunanta Goma

A aji biyar akwai wata yarinya da ake kira Rediyo. Bakinta ba ya hutawa. Ko mahaifiyarta takan ce, "Don Allah a nuna mini inda ake rage miki murya!"

Amma fa tana da kirki, kowa ya shaida. Shi ya sa da Malamar Shawara ta ce kowane aji ya zaɓi ɗalibi ɗaya da zai taimaka mata, 'yan aji biyar suka zaɓi Rediyo. Aikinta shi ne ta zauna a benci kusa da ɗakin karatu lokacin tara. Duk mai damuwa sai ya zo wurinta.

Malama ta ce, "Ki riƙa zuwa ofishina duk Laraba, in koya miki aikin."

Rediyo ta je sau ɗaya, ba ta sake komawa ba. A ranta ta ce, "Magana ce fa kawai. Ni za a koya wa magana?"

Sai ta samo kwalin sabulu, ta yanka shi gida goma. Ta rubuta shawara ɗaya a kan kowane kati. "Ka yi haƙuri." "Ka ƙara karatu." "Ki daina kuka." Ta ɗaure su da roba. Duk wanda ya zo, kafin ya gama gaisuwa ta miƙa masa kati, kamar mai raba tikitin mota.

Wata rana Dogo ya zo. Shi ne ya fi kowa tsawo a ajin, shi ya sa aka mayar da shi bencin ƙarshe. Tun daga lokacin makinsa yake ta yin ƙasa. Malamin lissafi ya ce idan ya faɗi jarrabawar ƙarshe, sai ya maimaita aji. Ga shi saura wata ɗaya kacal.

Dogo ya zauna yana murza hannu. Ya ce, "Tun da aka mayar da ni baya, idan Malam ya yi rubutu a allo..."

"Na gane!" in ji Rediyo. "Surutu kuke yi a baya. Ungo kati na biyu."

"A'a, ba haka ba ne. Ni dai..."

"Ka ƙara karatu kawai. Ni ma bara na sha wahalar lissafi." Daga nan ta kama ba shi labarin kanta, har aka kaɗa ƙararrawa.

Dogo ya sa katin a aljihu. Ya bi shawarar kuwa. Ya daina zuwa ƙwallo, ya duƙufa a kan littafi. Bayan mako ɗaya aka yi gwaji, ya ci biyu cikin ashirin.

Lokacin tara ya zo ya ajiye katin a kan bencin. Idanunsa sun yi ja.

"Ga kayanki," ya ce. "Na yi karatu har kaina ya yi ciwo. Ke ko tsayawa ba ki yi kin ji abin da ke damuna ba."

Ya juya ya tafi. Rediyo ta bi shi da kallo. Kunya ta kama ta, tsoro kuma ya shige ta. Ta ɓata wa Dogo mako guda, saura uku.

Ta ruga ofishin Malamar Shawara. "Malama, na shiga uku! Dogo ya zo wurina, sai na..."

Malama ta zare kati ɗaya daga katunan da ke hannun Rediyo, ta miƙa mata. An rubuta, "Ki daina kuka."

"Malama, ai ban gama ba!"

"Na gane," in ji Malama. "Je ki aji."

Rediyo ta tsaya sororo. Ta dubi katin. Can ta ce a hankali, "Haka na yi masa."

Malama ta jawo mata kujera. "Zauna, 'yata. Yaya kika ji?"

"Na ji kamar ban da amfani."

"To, me Dogo ya ce yana damunsa?"

Rediyo ta yi tunani, ta sake yin tunani. "Ban sani ba, Malama."

"Madalla da kika faɗi gaskiya," in ji Malama. "Shekarata goma sha biyu a wannan aiki, amma duk hutu sai na je kwas. Har yau ina koyon yin shiru. Idan mutum ya tsaya da magana, ki ƙirga goma a ranki. Sau da yawa ainihin maganar tana bayan shirun."

Suka gwada nan take. Karon farko Rediyo ta kai uku ta fashe da magana. Karo na biyu ta kai shida. Malama ta yi dariya ta ce, "Rediyo ta fara samun makunni."

Washegari ta tarar da Dogo shi kaɗai a bayan aji. Ta ce, "Ka yafe mini. Ban saurare ka ba. Yau ban zo da kati ba."

Dogo ya kau da kai. Rediyo ta fara ƙirga. Ɗaya, biyu, uku. Harshenta sai ƙaiƙayi yake yi. Ta danne shi. Bakwai, takwas.

"Ba na ganin allo," in ji Dogo.

Ta kusa cewa ta gane, sai ta kama bakinta. Ta ce, "Yaya kake ganinsa?"

"Dishi-dishi. Uku da takwas duk ɗaya suke a wurina. Sai in kwafi tambaya ba daidai ba, amsa ma ta fita ba daidai ba."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Za a ce in sa tabarau. Yara su riƙa ce mini mai ido huɗu."

Rediyo ta ce, "Wannan ya fi ƙarfina. Ka yarda mu je wurin Malama tare? Ba wanda zai ji daga bakina."

Dogo ya dube ta. "Ke? Rediyo?"

"Ni ɗin."

Suka tafi tare. Malama ta kira mahaifin Dogo, aka kai shi asibitin ido. Malamin lissafi kuma ya dawo da shi gaba, can jikin bango, inda ba zai tare wa kowa ba.

Ranar da ya zo da tabarau, yara biyu suka tsokane shi. Da suka ga bai kula ba, suka gaji suka bari. 'Yan aji suka yi ta tambayar Rediyo yadda aka yi. Ta ce, "Ku tambayi mai maganar."

Da sakamako ya fito, Dogo ya ci sha huɗu cikin ashirin. Ya wuce aji shida tare da kowa. Ya zo bencin da gudu yana ɗaga takardarsa.

Da yamma Rediyo ta ba mahaifiyarta katunan ta hura wuta da su.

"Umma," ta ce, "ashe mai ba da shawara sai ya saurara har ƙarshe. Sai ya riƙe sirri, kuma ya ci gaba da koyo."

"Haka ne, 'yar albarka."

Tun daga nan Rediyo ba ta sake fashin Laraba ba. Surutu kam tana nan tana yi a gida. Amma da zarar ta zauna a wannan benci, sai ta fara ƙirga goma.