Inda Rezo Ya Ɗauke

Ba soyayya ce ta kai Radiya shagon Haris ba. In faɗi wannan tun farko, don masu cewa yarinyar ba ta da zuciya su ji da kyau. Daga Belbeji ta taso ta sauka gidana a Tanut, ni gwaggonta, ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Gwaggo, so nake in ga fuskar wanda ya kashe Yaya Attahir."

Na ce, "Je ki. Yana nan bakin tasha yana cajin waya, ba ɓuya yake ba."

Ta isa gab da magariba, ta tarar da samarin fada sun cika benci, shayi na tafasa, kowa ya zuba wa talabijin ido. Ranar ce wani babban kamfanin waya na ƙasar Turawa ke taronsa na shekara, wanda ake nuna wa duniya kai tsaye. Wani Bature siriri yana kai da komo a kan dandamali, yana ɗaga waya sama kamar an yi masa haihuwa.

"Bana naɗewa za ta riƙa yi kamar tabarma, ku tsaya ku gani," in ji wani.

"Kai da ko kiredi sai an tura maka?"

"Kallo ai ba a biya, malam!"

Haris na tsaye a gefe, dogo, siriri, yana juya musu maganar Baturen zuwa Hausa. Shi ya sa suke ce masa Tafinta. Ana cikin haka hoto ya tsaya cak, ɗan zoben nan ya shiga juyawa a tsakiya. Da ya dawo, Baturen ya riga ya wuce wani zance, mutanensa na tafi.

"Tafinta, me ya ce?"

"Ban ji ba."

"To ƙiyasta mana, ai ka san kan abin!"

"Na ce ban ji ba."

Radiya na tsaye tana kallon sa. Sai ya ɗago, idonsa ya faɗa cikin nata. Ya daɗe yana kallon goshinta, goshin gidanmu, wanda ba ya ɓoyuwa.

"Ke ƙanwarsa ce," ya ce a hankali.

"Ni ce."

Ya nuna mata ƙarshen benci, wuri guda da ba kowa, duk da samari na matse da juna. "Nan yake zama. Tun daga lokacin ba wanda ya yarda ya zauna."

Ta zo da zagi cike da bakinta. Ta zauna, ta kasa fitar da ko ɗaya.

Bari in gaya muku abin da ya faru, tunda kowa a ƙasarmu ta Damargu ya mayar da shi yadda ya ga dama.

Attahir ɗan ƙanena ne, ɗan Malam Ɗan Azumi na Belbeji. Fataucin raƙuma yake, yana shiga dajin arewa a kan babur. Shi da Haris tare suka yi lakwal, wato makarantar boko, tare suka kamu da ciwon kallon taron nan. Wata shekara Baturen ya ce sabuwar wayarsu za ta iya aika saƙon neman ceto ko inda babu rezo, wato sabis ɗin waya, ta tauraron da ke sama. Daidai nan hadari ya taso a Tanut, hoto ya ɗauke. A ɗan tsakanin ne aka nuna sunayen ƙasashen da abin zai yi aiki, da ƙananan baƙaƙe, kuma babu tamu a ciki. Da hoto ya dawo samari suka tambayi Haris, shi kuwa murna ta ɗebe shi ya ce, "Ko'ina a duniya! Ko a tsakiyar daji!"

Attahir ya sayar da raƙumi ya sayi wayar.

A nan ƙasar, mai shiga daji yana barin sallahu. Zai ce ta rijiya kaza zan bi, in rana kaza ta wuce ba ku gan ni ba ku biyo sawu. Haka kakanninmu suka yi, haka jahilai irina suka sani. Da bazara ta zo Attahir zai fita, ubansa ya ce ta ina za ka bi? Ya daki aljihu yana dariya, ya ce, "Baba, an wuce wannan zamanin."

Babur ya mutu masa a hanyar da ba wanda ya san ya bi. Ƙishirwa ta ƙarasa sauran.

To ku gaya mini, wa ya kashe shi? Yaron da ya faɗi abin da bai ji ba, ko waɗanda suka faɗi alkawari da babbar murya suka rubuta sharaɗinsa kamar ƙwayar gero?

Radiya ta koma shagon washegari, wai cajin waya. Jibi ma ta koma. Wayar da ko rabi ba ta sauka ba! Na yi kamar ban gani ba.

Haris bai taɓa kare kansa a gabanta ba. Labarin yayanta yake ba ta: yadda yake cika sukari a shayi har a yi masa tsiya, yadda yake kwaikwayon tafiyar Baturen har samari su faɗi ƙasa don dariya. Ita kuma tana ba shi na gida. Mutum biyu suna ɗauke da mamaci ɗaya, nauyin ya ragu ba su sani ba.

Da ta koma Belbeji saƙonni suka fara. Duk zuwan da za ta yi sai ta karanta mini, tana rufe fuska da mayafi.

"Ƴar Belbeji, kin isa lafiya? Benci ya koma ba kowa. Da wuri ɗaya nake kallo in ji ciwo, yanzu sun zama biyu."

"Tafinta, ka ci abinci kuwa? Na ga wuyanka kamar na zalɓe. In ka rame ka ƙare, wa zan riƙa yi wa faɗa?"

"Radi, akwai maganar da nake jin tsoron faɗa, don ni yanzu ba na faɗin abin da ban tabbatar ba. Na saurari zuciyata tun daga farko har ƙarshe, ba inda ta yanke. Ina son ki."

Ta ce mini sai da ta yi kuka kafin ta amsa: "Na ji, Tafinta. Ni ma ba inda ya yanke."

Da manyan Haris suka je Belbeji neman izini, Ɗan Azumi ko tabarma bai sa an shimfiɗa musu ba. Ya ce, "Ya ci mini ɗa, yanzu ya dawo ɗaukar ƴa? Kar in sake jin sunansa a gidan nan."

Na hau mota na je na same shi. Na ce, "Ɗan Azumi, ni na goya ka, kar ka ɗaga mini murya. Yaron nan ya yi kuskure, amma ba shi ya ƙera ƙaryar ba."

Ya ce, "Yaya, ɗana yana zuwar mini a mafarki da leɓe a tsage. Ke yana zuwar miki?"

Gaskiya ni ma yana zuwar mini.

Ana nan sai ga Nasiru, ɗan wani mai kanti a Belbeji, da farar shadda da turare, yana ta sintiri a ƙofar gidan. Wannan Nasirun yana zaune a fadar samarin Tanut ranar da aka yi maganar, shi ya fi kowa tafi, har bidiyo ya ɗauka. Da ya ga Radiya ba ta kula shi, sai ya tura mata bidiyon. Ga Haris yana ihu, "Ko a tsakiyar daji!" Ga Attahir a gefensa, da rai, yana dariya yana dukan kafaɗarsa.

Jin labari daban, gani daban. Radiya ta kalla har ta daina ƙirgawa. Ta daina amsa kiran Haris.

Saƙo ɗaya ya turo: "Abin da kika gani gaskiya ne, ni ne, muryata ce. Ba zan ce ki manta ba, ni ma ban manta ba. Allah ya sanyaya miki, Radi."

Damina ta zo ta kusa wucewa a haka. Yarinya ta zama kamar kara.

Da lokacin taron ya sake zagayowa, gari ya ɗauka cewa bana za a sa ƙasashenmu cikin masu saƙon neman ceton. Na aika aka kira mini Radiya, na ja hannunta har bakin tasha. Samari suka miƙe suna "Sannu Iya, sannu Iya." Na ce ku zauna, ba wurinku na zo ba, wurin wancan na talabijin na zo.

A gefen hoton akwai inda masu kallo na duk duniya ke rubutu, yana gudu sama kamar ruwan kwari. Na ce, "Haris, sun ce kai tsaye ne, ko? To rubuta musu. Ka ce Attahir ɗan Malam Ɗan Azumi na Belbeji ya gaskata maganarku ya mutu da wayarku a hannu. Ka ce gwaggonsa tana jiran amsa."

Ya rubuta da Faransanci, ya tura. Radiya ta sa yatsa ta nuna mini sunan. Kafin in gyara tsayuwa, hotunan zuciya da na wuta da na tafi sun taso daga ƙasa sun tura shi sama, ya ɓace. Baturen bai ko ƙifta ido ba. Sabon launi yake nunawa.

Aka gama taro ba a ambaci ƙasarmu ba. Samari suka watse suna gunagunin wai batirin bai ƙaru ba. Haris ya zauna a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa.

Radiya ta tsaya a kansa. "Me ya sa kake kallo duk shekara, tunda yana ƙona ka?"

"Saboda wani zai sake tambaya, Radi. Gara ya samu wanda zai ce masa babu, kar ka dogara da ita, ka bar sallahu."

Ta durƙusa a gabansa. "Tashi, Tafinta. Ka je wurin Baba da ƙafarka. In ya kore ka, ka koma."

Ya je. Aka kore shi, ya koma. Ran nan Ɗan Azumi ya fito zaure ya tsaya a kansa.

"Ka faɗi abin da ba ka ji ba."

"Na faɗa, Baba."

"Ba ka da abin cewa?"

"Babu, Baba."

Tsohon ya daɗe yana kallon sa. Sannan ya ce, "An ce kana cikin waɗanda suka samo shi. Ni ban taɓa ganin kabarin ɗana ba. Kai ni."

Suka ɗauki mota da wani Ba'abzine masanin hanya, suka bar sallahu wurina. Abin da ya faru a can, Ɗan Azumi da bakinsa ya gaya mini.

Kabarin yana gindin wata aduwa, an jera masa duwatsu. Bayan sun yi addu'a ya ce wa Haris, "Wa ya fara cewa a fita nema?"

"Ni ne, Baba. Na ga saƙonnina ba sa shiga."

"Wa ya yi masa wanka? A nan ba rijiya."

Haris ya sunkuyar da kai. "Ni na yi masa. Da ruwan da muka kawo masa ya sha."

Ɗan Azumi ya ce nan take ya zauna a rairayi. Tun rasuwar abin da ke hana shi barci ke nan, yana zaton an tura ɗansa rami haka nan da ƙurarsa, ba wanka ba sutura, kuma ya hana kowa ya ba shi labari. Ya yi kukan da bai yi ba ranar da aka kawo masa saƙon mutuwa. Haris ya cire rawaninsa ya yi masa inuwa.

Da za su tashi, tsohon ya miƙa hannu, Haris ya ɗaga shi. Tsohon bai saki hannun ba ya ce, "Ka turo manyanka. Za a shimfiɗa musu tabarma."

Saƙon da ya fara shiga wayar Radiya da suka iso inda rezo yake, ga shi: "Sanyin idona, Baba ya ce in turo. Na ji da kunnena, na kuma roƙe shi ya maimaita."

Aka ɗaura aure bayan an gama girbin gero, a ƙofar gidan Malam Ɗan Azumi. Samarin fada suka zo daga Tanut cike da mota, suna rabon goro da dabino suna tsokanar ango. Nasiru ya ce tafiya ta kama shi zuwa Damagaram. Allah ya raka taki gona, ban tambayi ranar dawowarsa ba.

Masu kamfani har yau ba su amsa mini ba. Ban yafe ba, kuma in ba su ji a nan ba, akwai ranar da za a tsayar da mu gaba ɗaya, ba mai tura sunan wani sama ya ɓace.

Ni na riƙe hannun amarya zuwa ɗakinta, lalle ya kama har ya yi baƙi. A bakin ƙofa ubanta ya tsayar da mu, abin da ba a saba ba, ya dafa kanta, ya dafa kafaɗar Haris.

"Na rasa ɗa a daji, na samo wani a wurin. Ka riƙe mini ita."

Allah ya ba su zaman lafiya, ya kawo zuri'a mai albarka, ya tsare su daga ƙishirwar duniya da ta lahira. Attahir kuma, Allah ya shayar da shi daga tafkin Annabi. Amin.