Dutsen Arfa da Ƙafa

"Da ƙafa?!" A'i ta dafe ƙirji. "Hamma, daga Bauchi zuwa Dutsen Arfa da ƙafa?"

Hammajoda tela ya sauke jakar bayansa a zauren gidan su A'i na Ƙofar Ran.

"Wani wuri ƙafa, wani wuri bayan babbar mota. Maiduguri, Chadi, Sudan. Inda guzuri ya ƙare in zauna in yi ɗinki. A ɗaura mana aure mu tafi tare, hasken idona."

Sai ga yayanta Abdulsalam ya shigo.

"Ƙanwata ba za ta kwana a tasha ba! Ka nemi kujerar jirgi kamar kowa, ko ka bar mana gida."

"Yaya, don Allah..."

"Shiga ciki!"

Hammajoda mutum ne mai taurin kai. Ya ɗauki jakarsa.

"Ki jira ni, A'i. Zan roƙa mana a kan dutsen nan in dawo."

Ya tafi.

Aikin hajji ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa. Duk gidan da alhaji ya sauka sai A'i ta je barka da zuwa, ta karɓi dabino, ta tambaya a hankali ko an ga wani dogon Bafulatani mai ɗinki. Ba wanda ya gan shi.

Ƙawayenta duk sun yi aure. Ita kaɗai take zama a tsakar gida tana tsince shinkafa.

Alhaji Mansir mai shagon atamfa a Ƙofar Wambai kuwa bai gaji da zuwa ba.

"Telan naki? Ai na samu labarinsa a Makka. Ya yi aure a Sudan, har da ɗa."

"Ƙarya ne!"

"To ki ci gaba da jira, ranki ya daɗe."

Ta yi kuka har ta gaji. Ba wanda ya matsa mata. Da bakinta ta ce wa Yaya ta amince da Mansir.

Aka ɗaura aure. Shekara na zagayowa ya biya mata kujerar Makka. Tafiyar da Hammajoda ya ɗauki shekaru yana yi, ita ta yi ta tsakanin azahar da magariba.

Ranar Arfa rana ta take, duwatsu sun yi zafi kamar kasko. Tana gindin dutsen tana addu'a ta ji an ce, "A'i?"

Ya rame, ya yi baƙi, ƙafafunsa duk kaushi.

"Hamma..."

"Bana na iso, masoyiyata! Ciwo ya kwantar da ni a Sudan, har keken ɗinkin na sayar. Yanzu na sauko, na roƙa mana. Yayanki ya haƙura kenan?"

"Ina matarka?"

"Wace mata?"

Ta zauna a kan dutse.

"Da wa kika zo?" ya tambaya.

Daga can Mansir ya ɗago lema yana kira, "Hajiya! Taho mana, mu koma tanti!"

Hammajoda ya dube shi, ya dube ta. Ya gyara haraminsa.

"Allah ya karɓi aikinki, Hajiya."

"Hamma, tsaya! An ce min..."

"Je ki. Mijinki na kira."

Ya shige cikin masu fararen kaya, dubbai iri ɗaya. Ta miƙe tana leƙe, ta kasa gane wanne ne shi.