Kwamfutar da Aka Ɗaure da Waya

Kellu da 'yarta Zakiyya su biyu ne kawai a gidansu na unguwar Garin Malam, a Damagaram. Mai gidan, Mai Nasara, ya rasu bara da damina. Sana'arsa buga wa mutane takardu ce, kuma abin da ya bari bai wuce tsohuwar kwamfutarsa ta tebur ba, baƙa, wadda gefenta ya lotsa har ya ɗaure murfin da waya.

Kellu ta iya ɗinki, amma ba ta da keke. Zakiyya kuma, mai shekara goma sha ɗaya, ba ta da hoton babanta ko ɗaya a hannu. Duk hotunansa suna cikin kwamfutar, ekaran ɗinta kuwa, wato gilashin da ake kallo, ya mutu tun kafin shi.

Da Kellu ta yanke shawarar sayar da ita don ta sayi keke, Zakiyya ta kafa sharaɗi ɗaya: sai an fito mata da hotunan. Ranar Alhamis suka kai ta shagon Mushe Yakuba, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe, wanda tun da ya ajiye aiki yake gyara da sayar da tsofaffin kwamfutoci a kusa da Kasuwar Dole. Ya yi alkawarin zuba hotunan a 'yar kile, 'yar ma'ajiyar da ake soka wa kwamfuta, washegari bayan Juma'a.

Bayan Juma'ar, komisariya, ofishin 'yan sanda, Mushe Yakuba ya nufa, Kellu da Zakiyya na biye da shi.

Insifekta Mansur Dodo yana ganinsa ya miƙe tsaye.

"Zauna, Mansur. Ba aji ba ne."

"Ƙafafun ne ba su manta ba, Mushe. Lafiya?"

"An ɗauke mini amana daga shago, lokacin salla."

Ya yi bayani daki-daki, kamar yadda ya saba. Sannan ya dubi yarinyar, ya rage murya. "Duk wanda ya sayi tsohuwar na'ura, abu na farko da yake yi shi ne ya goge komai na mai ita, kafin ya nuna wa wani. Ni ma haka nake yi. In ta kwana biyu a hannun mai gyara, ko mun same ta, ƙarfe kawai muka samu."

Zakiyya ta ji. Ba ta yi kuka ba, sai dai ta riƙe bakin mayafin mahaifiyarta.

Insifekta Mansur ya ɗauki hularsa.

Shagon ɗan ƙarami ne. Mushe Yakuba ya nuna bencin da yake gittawa a ƙofa in zai tafi masallaci, kamar yadda duk 'yan layin suke yi. Shekara tara ke nan, ba a taɓa tsallake shi ba.

A kan kanta akwai kwamfutoci huɗu, fes da su, an goge su suna sheƙi. A ƙarshen layin akwai gurbi.

"Ɓarawo ya bar waɗannan, ya ɗauki mai waya?" in ji Insifekta.

"Ai ya yi zaɓe mai kyau. Waɗannan huɗun, wadda ta fi tsada jika arba'in ce, sefa dubu arba'in ke nan. Waccan na yi mata saba'in da biyar."

"Lotsattsiya?"

"Kai har yanzu bangon littafi kake duba. Ba a yi wa kwamfuta kuɗi daga waje. Sai ka buɗe. Ka ga shekarunta, ka ga ƙwaƙwalwarta, ka saurari fankarta ko tana tari. Marigayin ya sa mata sabon disk da memwar takwas, wato ƙwaƙwalwa mai giga takwas, kafin ya kwanta ciwo. Akwatin ne kawai ya tsufa. Na cire jika biyar saboda muninsa, shi ke nan."

"A zuci kuka yi wannan lissafin?"

Kellu ta yi ɗan murmushi, na farko tun da suka zo. "Mushe ne zai yi abu a zuci? Sai da ya karanta mana darasi."

"To, ɓarawon yana cikin ajin," in ji Insifekta. "Su wa suka ji?"

Mushe Yakuba ya ƙirga da yatsu: shi, da Kellu, da yarinya, da Ɗan Azumi dillali, wanda ya leƙo ya ƙi tafiya.

Da safiyar Asabar Insifekta ya sami Ɗan Azumi a wurin mai shayi, waya biyu a gabansa. Dillalin kayan wuta ne, daga firji har rediyo, kuma babu mai gyara a garin da bai san muryarsa ba.

"Shef, ni ko ganin cikinta ban yi ba."

"Kellu ta ce ka taɓa zuwa gida ka taya kwamfutar."

"Taimako ne."

"Nawa?"

Ya sosa ƙeya. "Jika goma. A lokacin na zaci tarkace ce."

"Ranar Alhamis ka ji ba tarkace ba ce. Jiya da azahar ina kake?"

"Sahun gaba. Tambayi liman, har takalmina aka taka."

"Daga jiya zuwa yau, wani ya yi maka maganar baƙar kwamfuta?"

"Ko ɗaya."

Insifekta ya sa aka kawo masa shayi, ya sha a hankali. Ya ce ba laifi, za su tafi komisariya tare, a ajiye wayoyin nan biyu a aljihun tebur har Litinin, a ga masu kira.

Ɗan Azumi ya dubi wayoyinsa kamar an ce za a raba shi da 'ya'yansa.

"Shef, tsaya. Rashid na Sabon Gari ya kira ni jiya da la'asar. Ya ce ya sami kaya mai kyau cikin mugun akwati, in nemo masa mai saye. Na gane ta. Amma la'ada ce, shef, ina da iyali."

"Ita ma yarinyar tana da uba a ciki. Biya shayinka."

Shagon Rashid ya fi na Mushe Yakuba girma, amma duhu ne a ciki, don an ɗauke wuta a unguwar tun jiya da rana. Rashid matashi ne mai fara'a, sai dai fara'ar ta ragu da ya ga katin Insifekta.

"Babu abin da ya shigo mini satin nan."

"Waccan da aka rufe da darduma fa?"

"Daga Kano aka kawo ta. Wani baƙo."

Insifekta ya yaye dardumar. Baƙa ce, gefe a lotse, igiyar wutarta a naɗe a jiki. Ya ɗaga kan igiyar.

"Kayan Kano da kai mai ƙafa uku suke zuwa, masu faɗi. Wannan ƙafa biyu ne, zagayayyu, irin namu. Ni da ba sana'ata ba na sani. Kai ba ka lura ba?"

Insifekta ya ajiye igiyar, ya dubi Rashid.

"Ka goge ta?"

"Wallahi ina jiran kuran ne, wutar lantarki. Da bai ɗauke ba, da tuni."

Insifekta ya sauke numfashi. Ya warware wayar da hannunsa, ya ɗaga murfin, ya kai shi bakin ƙofa inda haske yake. A cikinsa an rubuta saba'in da biyar da alli, an ja layi biyu a ƙasa.

"Shekara uku ina kwafe rubutun nan daga allo," in ji shi. "Faɗa mini wanda ya kawo."

Rashid ya ce mutumin ya naɗe fuskarsa da rawani, ido kawai ake gani. Abin da ya ba shi mamaki shi ne cinikin. Kowa in ya kawo tsohuwar na'ura, ko dai ya ce a taya, ko ya faɗi kuɗin da ba a taɓa ji ba don a yi ta ragi. Wannan kuwa yana ajiyewa ya ce saba'in da biyar, sabon disk, memwar takwas, an cire biyar saboda akwati.

"Kamar hadda. Sai na ce masa wace iri ce. Ya ce mini baƙa ce."

Insifekta bai so yin dariya ba, amma ta kufce masa.

"Daga nan na san ba tasa ba ce. Na ba shi arba'in, ya karɓa bai ce uffan ba."

"Wannan za ka maimaita shi a komisariya."

Yana mayar da murfin ya ga wani abu maƙale a bakin wayar: guntun baƙar roba, irin tsohon tiyub da ake yankawa a ɗaure kaya a bayan babur. Ya sa shi a aljihu.

Da azahar an dawo da kwamfutar shagon Mushe Yakuba. Yayin da tsohon yake neman ekaran da zai haɗa mata, Insifekta ya zauna a benci kusa da Zakiyya.

"'Yata, wanda ya ɗauka ya san kuɗinta, amma bai san ta ba. Dillali ba zai ce baƙa ce ba. Ki yi mini kiran suna irin na aji. Ranar Alhamis wa yake ina?"

Ta tashi ta nuna. "Mushe yana nan. Inna a kan kujera. Ni a nan. Ɗan Azumi ya jingina da kanta. Kawu Salisu kuma a bakin ƙofa."

"Wane ne Kawu Salisu?"

"Ɗan kabu-kabu ne, mai haya da babur," in ji Kellu da sauri. "Shi ya ɗauko mana ita. Shekara biyar yana kai baban Zakiyya wurin aiki. Ai Salisu namu ne, shi ya sa ban ƙirga shi ba."

"Ni ma ban ƙirga shi ba," in ji Mushe Yakuba, ya daina abin da yake yi.

"Yana nan har aka gama?"

"A'a," in ji Zakiyya. "Da Mushe ya faɗi kuɗin, ya ce zai je ya sha mai."

"Kafin maganar hotuna?"

Ta yi tunani. "Kafin."

Insifekta ya roƙi Kellu ta kira shi, ta ce ya zo ya kai su gida. Ta daɗe tana kallon wayar kafin ta danna.

Salisu ya iso cikin minti goma, dogo, siriri, da murmushinsa. Ya gaida Mushe, ya ce wa Zakiyya "'yar lakwal", kamar kullum. Sai ya ga Insifekta.

"Jiya lokacin Juma'a ina kake?"

"Garin Mirya, shef. Na kai fasinja."

"A wane masallaci ka yi salla?"

"A hanya ta same ni."

Insifekta ya fita wurin babur ɗin, ya warware robar da ke bayan sirdi. Bakinta ɗaya a yage yake, sabuwar yagewa. Ya fito da guntun aljihunsa ya haɗa. Suka zauna daidai.

"Roba ai duk iri ɗaya ce," in ji Salisu, muryarsa ta yi ƙasa.

A daidai lokacin Mushe Yakuba ya kunna na'urar. Fanka ta juya, ekaran ya yi haske. Ya buɗe wurin hotuna, ya ja wa Zakiyya kujera.

Ga Mai Nasara a teburinsa, tabarau a goshi. Ga shi ranar Salla, ya ɗora Zakiyya a wuya tana ƙarama. Na uku, ga shi a bayan babur, ya rungume jakar takardu, yana dariya, mai tuƙin ya ɗaga wa mai ɗaukar hoto hannu.

Salisu ya dubi kansa a ekaran. Ya zauna a ƙasa, a nan bakin ƙofa.

"Yaya Kellu, ni ne."

Kellu ta juyo ta dube shi.

"Matata ta haihu ranar Lahadi. Gobe suna, ba ni da rago. Da na ji Mushe ya faɗi kuɗin, abin ya tsaya mini a rai har na kasa cin abinci. Na ce ai ƙarfe ne, Mushe yana da wasu, zai ba ki wata. Wallahi ban san hotunan marigayi suna ciki ba."

"Da ka tambaye ni, Salisu," in ji Kellu. "Da ka buɗe baki kawai."

"Kunya ce ta hana ni."

"Ta hana ka tambaya," in ji Mushe Yakuba a hankali, "amma ta bar ka ka tsallake benci."

Insifekta Mansur bai fito da ankwa ba. Ya ce wa Salisu ya tashi, ya ba Mushe makullin babur ya ajiye masa, a aika wa ƙaninsa ya zo ya ɗauka. Kellu ta tambaya ko za ta iya yafewa. Ya ce za a rubuta maganarta, kuma za ta yi nauyi, amma sai an je an rubuta tukuna.

Da za su fita, Salisu ya juyo. "'Yar lakwal, ki yafe mini."

Zakiyya ta dube shi, ta dubi ekaran. Ta bi su da ido har suka sha kwana, Insifekta na riƙe da hannunsa kamar mai tsallakar da makaho titi.

Mushe Yakuba ya zuba hotunan, ɗari da goma sha biyu, ya tambayi Zakiyya ko a cire na babur ɗin.

"A sa shi," in ji ta.

Ta gane cewa mutumin da ya yi shekara biyar yana kai babanta aiki lafiya, shi ne kuma ya tsallake bencin, kuma duka biyun gaskiya ne.