Tafiyar Yanbu da Hajiya Ta Hana

Wafa na durƙushe a kicin tana ɗura dambun nama cikin roba, sai ga mijinta Jabir ya leƙo yana washe baki.

"An ba ni hutu," ya ce. "Mu bi ta Badar mu sauka Yanbu, daga nan mu bi bakin teku har Umluj. Ba ruwanmu da otal, na aro tanti wurin abokina. Abinci kuma ga shi kin gama, mai kawai za mu zuba wa mota."

Wafa ba ta yi murmushi ba. Tun da aka kawo ta wannan gida na unguwar Harra ta Gabas a Madina, ba su taɓa cin abinci su biyu kaɗai ba. Gida ne cike da ƙanne da baƙin Umra, ɗakinsu kuma bango ɗaya da na uwar mijinta, Hajiya Ƙaltume. Ko tari Wafa ta yi, sai ta ji an ce mata sannu. Ba yau suka fara shirya tafiyar nan ba, kullum Hajiya ke rusa ta.

"Ka gaya wa Hajiya?" ta tambaya.

Jabir ya sosa ƙeya. Bai kai ga amsa ba, muryar tsohuwar ta taso daga falo.

"Na ji ku. Ina raye ɗana ba zai je bakin bahar ba."

"Umma, ba shiga za mu yi ba, kallo ne kawai..."

"Khalas, magana ta ƙare. In hutu kake so, kai ta Khaibar ta ga dabino."

Dabino fa! Yarinyar da aka haifa a Madina za a kai kallon dabino. Wafa ta shige ɗaki, hawaye na zuba, Jabir ya bi ta.

"Ban ce ka saɓa wa mahaifiyarka ba," ta ce. "Amma na gaji, Jabir. Ban san ko kai na aura ko gidan nan ba. Kwana kaɗan na roƙa in zauna da mijina, ya gagara. Ka mai da ni gidanmu."

Ya zauna bakin gado ya riƙe kai. Yana sonta, yana kuma tsoron fushin uwa. Zaman nan nasa ya fi komai ƙona mata rai. Ta jawo jakar da ta shirya don teku, ta ƙara kaya a ciki don tafiya gida.

Har ta yafa mayafi, sai ta hangi abincin Hajiya a rufe, ko taɓawa ba a yi ba. Zuciyarta ta ce wuce abinki. Ta tsaya, ta haɗiye fushin, ta ɗebo dambun tafiyar ta durƙusa gabanta.

"Hajiya, ki ci ko kaɗan ne, ga shi ba ki sha maganinki ba."

Tsohuwar ta dubi dambun, ta dubi jakar da ke bakin ƙofa. Sai ta fashe da kuka.

"Irin wannan guzurin innata ta yi mana," ta ce. "Ina ƙarama muka taso daga Kano, ta Sudan, muka shiga jirgin ruwa. Zazzaɓi ya kashe ta a tsakiyar bahar. A gabana aka yi mata salla aka saka ta cikin ruwa. Kowa a unguwar nan ya san inda uwarsa ke kwance, ni ban da ni."

Wafa ta matso kusa da ita, ba ta taɓa sanin wannan ba. Jabir na tsaye bakin ƙofa, shi ma bai taɓa jin labarin ba.

Hajiya ta kama hannun surukarta. "Bahar ya raba ni da uwa, ba zan bari tsoronsa ya raba ɗana da matarsa ba. Ku je, ku biyu. In kun isa, ku tsaya bakin ruwan ku yi mata addu'a. Sunanta Mariyamu. Ni ƙafata ba ta taɓa iyawa ba."

Washegari da la'asar suka tsaya a gaɓar Yanbu, hannu a sama, kafin ma su kafa tanti. Da Wafa ta fice cikin fushi, da ta rasa miji, Hajiya kuma ta mutu da ciwonta a ciki. Wanda ya tsare maka hanya, yi haƙuri ka ji abin da ke cinsa kafin ka yanke masa hukunci.