Filin da Kansila Bai Taka Ba

Talata ce. Tun safe hadari ya tsaya a gabas, bai sauko ba, bai kuma tafi ba. Ko ganye ɗaya bai motsa ba.

Kansila ya dawo gida gab da magariba, da jakar takardu a hammata da ciwon kai. Zaman majalisar gari ya ci awa huɗu, duk a kan kwatoci da fitilun titi da inda za a riƙa zuba shara. Ya tuɓe takalmi, ya zauna a kujerar roba a tsakar gida, ya ce a ba shi ruwa. Matarsa na bakin kicin tana tsintar shinkafa. 'Yarsu ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta, tana kwashe shanya daga igiya. Shekararta sha bakwai, saura mako uku ta zauna jarrabawar shiga makarantar jinya.

Dutse na farko a kan kwanon rufi ya faɗo. Ya gangaro a hankali, ya tsaya a bakin indararo.

"Yaran layin nan," in ji Kansila, "wallahi sai na sa an rufe uban wani."

Ya fita ba takalmi. Layin wayam, kowa ya tafi masallaci. Yana dawowa na biyu ya faɗo a gabansa, daga sama tsaye, ba daga bayan katanga ba. Ya duƙa ya ɗauka. Gutsuren tsohon bulo ne, a jiƙe, da gansakuka a gefe guda, yana warin ruwan da ya daɗe a rufe. Rabon garin da ruwan sama kwana goma sha biyu.

Sai gidan ya yi tsit, irin shirun da kunne ke jin nauyinsa. Daga cikin duron ruwa da ke jikin bango wata murya ta fito, ƙasa-ƙasa, kamar ta mai karanta takarda ya gaji.

"Batu na tara. Wanda ya amince ya ɗaga hannu."

Kayan shanya suka zube daga hannun Auta. Hannunta na dama ya tashi sama, ya miƙe sak, yatsu a haɗe. Ta dubi hannun, ta dubi uwarta.

"Mama, ba ni ba ce. Ya ƙi sauka."

Bai sauka ba. Uwar ta ja, uban ya ja har yarinyar ta yi ƙara, hannun na nan kamar an kafa shi da ƙarfe. Washegari aka kai ta asibiti. Likita ya duba, ya yi hoto, ya ce ƙashi lafiya, jijiya lafiya, ya rubuta ƙwayoyi. A kan hanyar dawowa mutane na ta kallon motar, don sai da aka sauke gilashi hannun ya samu wurin tsayawa. Wani mai babur har ya ɗaga mata nasa, ya ɗauka gaisuwa ce.

Da rana tana cikin hankalinta, tana kuka, tana ƙoƙarin riƙe biro da hagu. Da rana ta yi ja sai duwatsu su fara. Sai muryar. Daga nan Auta ta daina amsa sunanta har a idar da isha'i. Yatsun suka kumbura, farcen ya fara yin baƙi.

Kansila ya san batu na tara. Tun daren farko ya sani, ya yi gum.

Bayan tashar mota akwai wani tsohon fili da rijiya a tsakiyarsa, an rufe bakinta da katako tun kafin a haife shi. Wata guda da ya wuce aka kawo wa majalisa buƙatar a fitar da filin daga wuraren jama'a a mayar da shi layin shaguna. Ƙa'ida ta ce kwamitin mutum uku ya je ya taka wurin da ƙafa, ya duba ko da mai zama ko mai amfani da shi, sannan ya kawo rahoto. Kansila ne shugaban kwamitin. Ranar da suka je ana ruwa. Suka tsaya a bakin kwalta, suka leƙa ta gilashi mai hazo, ba wanda ya so ya ɓata takalminsa. Ya ɗora takardar a gwiwa ya rubuta cewa an zagaya fili, babu mazauni, babu mai amfani. A zauren majalisa maganar ce batu na tara, ba ta ci minti biyu ba. Litinin ɗin nan buldoza ta shiga, ta ci rabin bakin rijiyar.

Ranar Juma'a da la'asar matarsa ta tsaya a kansa da mayafi a kafaɗa.

"Baban Auta, na aika a kira Malam."

"Da izinin wa?"

"Da izinin hannun 'yata."

"Ke kin san abin da kike yi kuwa? Gobe gari ya ɗauka kansila na da aljanu a gida. 'Yan adawa su samu abin yi."

"Su samu! Kwana uku yarinya ba ta kwanta ta gefen dama ba, kai kana lissafin 'yan adawa. Duk magariba ana kiran batu na tara a cikin duro na. Ni ban taɓa shiga majalisa ba. Auta ba ta taɓa ba. To wa ake kira?"

Ya ɗaga murya, ya ce ta kiyaye harshenta. Ta ce ta kiyaye shi shekara talatin, yau ta gaji. Ya ture kujerar da ƙafa ya shige ɗaki.

Malam ya iso rana na faɗuwa. Tsoho ne gajere, mai ƙarancin fara'a, ya karantar da rabin unguwar, har da Kansila kansa a lokacin da yake yawo ba wando. Bai zo da kowa ba, bai zo da komai ba sai ƙaramin Alƙur'ani. Ya yi alwala, ya yi salla a tsakar gida, duwatsu na sauka hagu da dama, bai waiwaya ba. Da ya sallame ya ce a shimfiɗa tabarma a zaunar da yarinyar, uwar ta riƙe kafaɗunta.

"Kai kuma fito," ya ce wajen ƙofar ɗaki. "Ba na karatu maigida na ɓoye."

Ya fara karatu a hankali, ba ya ɗaga murya. Haske ya ƙare a kan katanga. Ba wanda ya tuna ya kunna fitila. An ɗauki lokaci ba a jin komai sai muryar tsohon da numfashin Auta, wanda ke ƙara nauyi kamar ta hau tudu da kaya. Can ta ɗago kai. Fuskar tata ce, kallon ba nata ba.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni." Muryar tsohuwa ce, busasshiya, a fusace.

"Wace ce ke?"

"Mai rijiya."

"Kin san Allah?"

"Kafin a haifi kakanka."

"To ba ki ji kunya ba? Kin san Allah kika kama yarinyar da ba ta ci miki ba, ba ta sha miki ba?"

"Jikana me ya ci wa wani? Yana kwance a bakin rijiya ƙarfe ya zo ya danne masa kafaɗa. Ba sallama, ba gargaɗi. Ko kaza za a kora ai a ce mata kus." Kan Auta ya juya a hankali har ya tsaya a kan ubanta. "Tambayi wancan. Ya zo a mota. Ina tsaye a bakin hanya ina jira ya sauko. Ko gilashi bai sauke ba."

Malam ya dubi Kansila. "Gaskiya ne?"

"Ana ruwa, Malam."

"Ba yanayi na tambaye ka ba."

"Ban sauka ba." Sai kuma zuciya ta ɗebe shi, ya taso. "To ko da na sauka, ganinta zan yi? A wace takarda aka ce a ƙirga aljanu? Mu goma sha biyu muka ɗaga hannu, don me sai gidana?"

"Su sun ɗaga ne a kan maganarka," in ji muryar. "Ni ba za ka gan ni ba. Amma da ka ga hanyar ƙafa da ta ratsa filin. Da ka ga duwatsun masu wanki. Da ka ga turken awaki. Duk wanda ya zauna kusa da mu ya san ba a taɓa bakin rijiyar, da ka tambayi ko ɗaya da ya gaya maka. Ka rubuta ka zagaya. Da wace ƙafar?"

Uwar Auta na kuka ba sauti, amma idonta na kan mijinta, ba kan 'yar ba.

"Me kike so?" in ji Malam.

"Hannu a madadin kafaɗa."

"Ba ki isa ba. Na ci gaba da karatu har ki zama toka, in ya so jikan naki ya rasa mai jinya."

Muryar ta sassauta.

"To filin duka. A fitar da ƙarfen."

"Filin ba nasa ba ne balle ya ba ki. Na gari ne. Faɗi abin da mutum ɗaya zai iya."

"Rijiya, da taku goma ta kowane gefe. Kuma ya tsaya a ɗakin da ya yi ƙaryar, a gaban waɗanda ya yi wa, ya ce bai sauka daga mota ba."

Kansila ya yi wata dariya mara daɗi. "Kun san me ke nan? Rahoton ƙarya ne fa. Cire ni za su yi daga kwamiti, in ma ba su kore ni gaba ɗaya ba. Ciyaman ya riga ya raba shagunan a baki. Shekara takwas ina gina sunan nan!"

"Baban Auta," matar ta ce, "dubi farcenta."

Malam ya rufe Alƙur'anin ya ɗora a cinya. "Saurara, ɗan nan. Ni ba na ce ka yi don tsoron wannan tsohuwar ba. Ita fita za ta yi, ko ta so ko ta ƙi, wannan aikina ne. Amma ka sa hannu a kan abin da idonka bai gani ba, mutane suka gaskata ka. Ko ba aljani a duniya, gyaran wannan na wuyanka. In ka ƙi, ni dai ba zan ƙara taka gidan nan ba, ko rufin ne ya faɗo."

Ya juya ga yarinyar. "Ke kuma ki rantse da wanda ya halicce ki. Kin fita ke nan, ba dawowa, ba jifa, ko majalisa ta ba ki rijiyar ko ta hana. Shi faɗin gaskiya ne nasa, hukunci ba a hannunsa yake ba."

"Ka cuce ni a cinikin nan, Malam."

"Ke kika fara cuta."

Ta yi gurnani, ta ja tsaki, sannan ta rantse, kalma bayan kalma, kamar ana zare mata su daga maƙogwaro. Da ta gama ta ce saura nasa.

"Ba na son bakinsa, na san abin da bakinsa ke iyawa. Yadda suke yi a can zai yi. Wanda ya amince ya ɗaga hannu."

Kansila ya tsaya, haƙoransa a cije, jijiyar wuyansa ta fito. Ya dubi Malam, Malam na kallon ƙasa. Ya dubi matarsa, ba ta kau da kai ba. A hankali ya ɗaga hannun dama, har ya miƙe.

Na Auta ya faɗo kan cinyarta kamar an yanke igiya. Ta yi atishawa sau uku, ta kife a jikin uwarta. Murfin duron ya yi ƙara sau ɗaya, shi ke nan.

"Mama," ta ce da muryarta, "hannuna na zafi."

"Jini ne ke komawa," in ji Malam. Ya miƙe yana neman takalmansa. "A gasa mata da ruwan ɗumi. Kai kuma sauke naka, an ƙirga."

Da asuba Kansila bai tayar da mota ba. Ya sa tsofaffin takalma ya tafi a ƙasa. Ya shiga filin ta hanyar ƙafar, ya bi ta har ƙarshe, ya dawo. Ya wuce mata biyu na wanki a kan duwatsu, suka gaishe shi, suka bi shi da kallo. Ya ƙirga taku goma daga rijiyar ta kowane gefe, yana ajiye gutsuren bulo a inda ya tsaya. Sannan ya zauna a kan rabin bakin da ya rage.

Ƙarfe bakwai direban buldoza ya tayar da inji, ya taho, ya tsaya, ya leƙo.

"Ranka ya daɗe, a ɗan matsa mana. Aiki za mu yi."

"Kashe injin."

"Da takarda fa muka zo. Da sa hannu da komai."

"Na sani. Ni na sa. Kashe."

Direban ya kashe. Kansila ya ciro waya ya kira magatakardan majalisa, ya tashe shi daga barci, ya ce a sa sunansa a farkon zaman Litinin, yana da gyara a kan rahotonsa. Magatakarda ya tambayi wane irin gyara. Ya ce ƙarya ya rubuta. Ba a yi minti biyar ba kiran ciyaman ya shigo, ana jin ihunsa tun kafin wayar ta kai kunne. Kansila ya saurara har mutumin ya tsaya shan iska.

"Ina filin," ya ce. "In kana da magana ka zo. Ka sauko daga mota."

Ya kashe wayar, ya sa a aljihu, ya gyara zama.