Soket ɗin Fasinja

Da la'asar ɗin wata Laraba cikin Oktoba, Tiril ta fito da babur ɗin mijinta za ta kai wa surukarta magani a ƙauyen da ke can ƙarshen gaɓa. Mijin nata, Eivind, yana fama da mura, amma bakinsa lafiya lau.

"Ke, saurara," in ji shi daga bakin ƙofa. "Wutar da injin nan ke bayarwa ba ta da yawa. Fitila, abin ɗumama hannuwan babur, rigar ɗumi mai lantarki guda. In mutum biyu suka jona riga, sai an kashe ƙananan fitilun nan, in ba haka ba batir ya zube."

"To wa ya aike ka liƙa masa kaya kamar bishiyar Kirsimeti?"

"Wata mata da ke kukan sanyi a bayana. Ki riƙa duban mitar batir. Sha huɗu lafiya. Ƙasa da sha biyu, in injin ya mutu ba zai tashi ba, kuma ba shi da kik."

"Na ji, malam injiniya. Koma ka kwanta."

Ta kai maganin. A hanyar dawowa rana ta faɗa bayan duwatsu, hazo ya taso daga teku. Daidai tsohuwar tashar jirgin fito, wadda aka daina amfani da ita shekaru da yawa, ta tsaya ta goge gilashin hular kwanonta. Ba ta kashe injin ba.

Babur ɗin ya nutsa ta baya, yadda yake yi in mutum ya hau.

Ƙas.

Murfin soket ɗin fasinja ne. Ta san ƙararsa sarai, nan take jona rigarta in Eivind ne ke tuƙi.

Warin ciyawar teku da jiƙaƙƙen ulu ya cika mata hula. Ba ta waiwaya ba. Ta saki kuloci ta ja.

Mita ta nuna sha uku.

Tsoro ya sa ta rage gudu, lambar ta ƙara zamewa. Sai ta tuna inji ba ya ba da wutar kirki in yana tafiyar sanɗa. Ta sauke giya, ta murɗa totur har ya yi kuka. Ta kashe ƙananan fitilun, duhu ya matso gefen titi. Ta kashe ɗumin hannuwa.

Sha biyu. Abin da ke bayanta ya fi riga shan wuta.

Hannuwa biyu suka zagaye ƙugunta. Ruwa ya ratsa wandonta.

"Sanyi," aka raɗa mata a kunne. "Yarinya, kar ki kashe."

"Ba zan kashe ba," ta ce.

Sha ɗaya da rabi. Fitilar gaba ta yi ja. Injin ya yi tari sau ɗaya. Saura kilomita uku, ba gida ko ɗaya, teku a hagunta.

Hannuwan suka fara laluben zif ɗin rigarta.

Ta fizge wayar tata rigar daga soket ɗin gaba. Iska ta soke ta har ƙashi.

Sha biyu.

Sha biyu da rabi.

Hannuwan suka sassauta. Wani kai mai nauyi ya kwanta a bayanta, yana sauke numfashi.

Daidai fitilar cocin garinsu babur ɗin ya ɗago. Ƙas. Sha huɗu.

A ƙofar gida, Eivind ne ya ɓamɓare yatsunta daga totur ɗaya bayan ɗaya. Kujerar baya jiƙe take sharkaf, ruwan da gishiri.

Kwana uku ta yi da zazzaɓi. A na huɗu ta same shi a rumfar babur, ya tsuguna da filaya zai yanke wayar soket ɗin fasinja. Ta riƙe masa hannu.

"Cire fitilunka, ka bar wannan."

"Kin haukace? Don ya sake hawa?"

"Zai hau ko da soket ko babu," ta ce ƙasa-ƙasa. "In bai samu ɗumi a waya ba, a jikin wa kake jin zai nema?"

Ya ajiye filayar, ya ɗauko sifana ya fara kwance fitilun.